Hayar Dami Ɗaya

Shekarun baya, a shekarar da maigidana ya rasu, wani abu ya faru da ni wanda har yau in na tuna sai in yi dariya, in kuma goge ido da bakin mayafi. Ni dai ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Autata ce ke rubuta muku wannan a wayarta, na kuwa ja mata kunne kada ta gyara mini magana, don bakina ya girmi makarantarta.

Malam, Allah ya jiƙansa, manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi. Yau yana Babura, gobe Gwiwa, jibi Roni, ya saro gero da dawa ya kawo Kazaure. Da abin da Allah ya hore masa ya gina wani gida a bayan kasuwa, daban da wanda muke zaune, ya zuba 'yan haya. Ɗakuna ne a jere, da shago ɗaya mai kallon titi, sai wani ɗan ƙaramin ɗaki a bakin zaure wanda in dogon mutum ya kwanta ƙafarsa za ta taɓa bango. Yawancin masu zama ɗalibai ne da ƙananan ma'aikata, su yi shekara ɗaya ko biyu su wuce. Na bakin zauren ne kaɗai bai taɓa canja mai zama ba.

Wani tsoho ne a ciki, mai tufkar igiya. Mutumin can gaba da Babura ne, dab da iyaka. Fari ne ya koro shi shi da matarsa tun 'ya'yana suna ƙanana, matar ba ta daɗe ba ta rasu, ba su kuma bar ɗa a raye ba. A wurinsa Malam ke sayen igiyar ɗaure buhu, daga nan suka saba. Da Malam ya ga a rumfar kasuwa yake kwana, sai ya ce masa ga ɗaki. Tsohon ya ce ya gode, amma shi ba ya kwana a ɗakin da ba ya biya. Kuɗi kuwa ba shi da su. Suka yi ta ja, har suka daidaita a kan dami ɗaya na gero duk shekara, daga wata 'yar gayauna da ya ara a hanyar Roni. Babu takarda, babu shaida, sai Allah.

To, duk kaka sai ka gan shi tafe da daminsa a ka, ya yi sallama, ya dire a zaurenmu ya ce ga haya. Malam ya taso da fuskar ciniki, ya ɗaga damin ya jijjiga kamar zai saya, ya ce zangarniyar bana ƙanana ce. Tsohon ya ce ai rufin ɗakin ma yoyo yake, kowa ya yi haƙuri da kowa. Su yi ta wannan gardama kamar gaske, sai in aika musu da fura su sha, su koma hirar farashin wake.

Abin da ke biyo baya, ni kaɗai na sani, don ni ce mai kula da rumbu. Malam zai ce mini in ajiye damin nan gefe. In ya kwaso nasa daga gona ya zo fitar da zakka, ɗaya cikin goma, sai ya ɗauko na tsohon ya haɗa da wasu daga nasa, ya sa a kai masa a ce zakkar bana ce. Wato hayar ta shigo ta ƙofa, ta kwana biyu, ta koma inda ta fito. Na taɓa tambayarsa ko malamai za su yarda da wannan lissafi. Ya ce shi ya sa yake ɗora wasu a kai, kada zakkarsa ta tawaya, in kuma yi shiru da bakina. Na yi shiru shekara da shekaru, wanda duk ya san ni kuwa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Malam ya rasu farkon damina, an gama shuka ke nan. Ciwon bai ja shi ba. Na shiga takaba, gida ya cika ya watse, ya rage daga ni sai 'ya'yana mata da ke zuwa suna kwana da ni bi da bi.

Wata rana da hantsi aka yi sallama, aka ce baƙi maza biyu ne a zaure, da jaka a hannu. Na ɗauka masu ta'aziyya ne da labari bai iske da wuri ba. Na sa aka dama musu fura mai kauri, aka kai goro. Bayin Allah suka yi mini gaisuwa ta bayan labule yadda ya kamata, suka yi wa Malam addu'a, suka shanye furar tas. Sannan babban cikinsu ya gyara murya ya ce su daga ofishin haraji suke. Na ce a raina, da na sani da ruwa-ruwa aka dama.

Amma fa mutumin yana da ladabi. Ya yi mini bayani a hankali, ya ce duk shekara Malam kan je wurinsu ya faɗi abin da ya shigo masa na haya, su duba su yanka masa abin da zai biya. Yanzu da ya rasu, suna son su san hannun wa hayar ke shiga, don a cire sunansa a sa na mai amsawa. Ni duk zatona haraji shi ne tikitin da ake yanka wa masu kasa kaya a kasuwa. Ashe mutumin nan yana da wata hanya da yake bi duk shekara ban sani ba, ni da nake cika baki cewa ko tari ya yi na san abin da yake nufi. Na ce musu su jira babban ɗana ya zo.

Wannan yaro shi ne ɗana na fari, yana aiki a Dutse. Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba, amma mu a tasowarmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi doguwar hira da shi, ba ta yi masa faɗa ido da ido. Kakarsa ce ta raine shi. Ina son sa kamar raina, amma in ina da magana da shi, sai dai ta bi ta bakin ƙannensa.

Da ya zo, shi ya zaga da su gidan hayar. Kowane ɗaki mai shi ya faɗi abin da yake biya, aka rubuta. Da suka zo na bakin zaure, tsohon yana gona. Yaron ya ce musu wannan kam ba ya biyan ko sisi, abokin mahaifinsu ne. Ma'aikacin ya ce babu laifi, ɗakin da ba a karɓar haya ba a ɗora masa komai. Sai dai masu gidaje da yawa kan fake da haka su ɓoye ɗakuna, don haka dole wanda ke ciki ya zo ofis tare da mai unguwa, ya faɗa da bakinsa cewa kyauta yake zaune. In ba haka ba, za su ƙiyasta shi daidai da sauran ɗakunan.

Shi yaron murna ma ya yi, ya ga abu ya zo da sauƙi. Bayan la'asar ya koma ya tarar da tsohon a ƙofar ɗaki yana tufka. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, abu ne ɗan kaɗan. Ka zo gaban mai unguwa ka faɗa musu kyauta kake zaune, shi ke nan."

Tsohon ya ce ai yana biyan haya. Yaron ya yi murmushi, cikin girmamawa fa, ya ce damin nan ai gaisuwa ce tsakaninsa da mahaifinsu, ba haya ba ce, ya kuma kwantar da hankalinsa, ko shekara ɗari zai yi babu mai tashinsa. Tsohon ya ce to. Ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da murza igiyarsa.

Ba a yi mako ba labari ya fara zuwa mini. An ga mai igiya ya kai tunkiyarsa kasuwa. Ya ba wata ɗaliba randarsa. Ya gaya wa mai shago cewa da ya girbe geronsa zai koma gida. Gida kuma? Wane gida? Garin da ya bari tun yana da ƙarfinsa, wanda duk sa'anninsa suna ƙasa, ko kangon gidansu ban jin yana nan. Ga gwiwa ta ƙi, ga ido ya fara hazo. Na san in ya tafi, a zauren wani baƙo zai ƙare, inda babu wanda ya san ko da wace miya yake son tuwo.

Ga ni a takaba, ba na fita. Ga wanda ya yi ɓarnar ba na iya yi masa faɗa. Ranar da ya zo yi mini sallama zai koma Dutse, ya zauna a bakin ƙofa, ƙanwarsa ta tsakiya tana gefena tana tsintar shinkafa. Sai na juya gare ta na ce ta gaya wa yayanta cewa karatu ya yi masa rana, ya rushe da yamma ɗaya abin da ubansa ya yi shekaru yana ginawa. Yarinya ta buɗe baki za ta maimaita, ya ce ta bari, ya ji. Ya gaya mata ta gaya mini shi alheri ya nufa, in ma kuɗin ne zai biya daga aljihunsa, amma ba zai iya zuwa ofis ya ce ɗaki yana kawo kuɗi alhali ba ya kawowa ba, kuma gidan yanzu na magada ne, ba a raba ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya ƙara ba ni haushi.

Ya je ya ba tsohon haƙuri kafin ya tafi. Tsohon ya sa masa albarka, ya ce yaro bai yi laifin komai ba, abin da ya gani ya faɗa. Amma bai fasa shiri ba.

Sai na aika masa da 'yata. Na ce ta tambaye shi, a garinsu haka ake yi, mutum ya bar gari matar amininsa tana takaba, bai tsaya ta fito sun yi sallama ba? Ta dawo ta ce ya ce zai jira, geron ma bai nuna ba tukuna. Na ce alhamdulillahi, na samu damina guda ta tunani.

Na kuwa yi tunanin. Ina jan carbi ina yi, ina jin ruwa yana dukan kwano ina yi. Abin da na gane shi ne, muddin ɗakin nan na magada ne, tsohon zai ga kansa a matsayin kayan da uba ya mutu ya bar wa 'ya'ya su yi haƙuri da shi. Mutum irinsa kuwa zai iya kwana da yunwa, amma ba zai iya kwana da wannan ba.

Na fita takaba gero yana tsaye a gona ya sunkuyar da kai. Bayan 'yan kwanaki aka kira malamin da zai raba gado, aka yi wa komai kuɗi, gona da gida da hatsi da dabbobi. Aka ce nawa tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, in zaɓi inda nake so a fitar mini. To, a nan ne zan ba ku dariya. Shekaru ina gaya wa matan unguwa cewa shagon nan mai kallon titi nawa ne, ko Malam yana raye na sha gaya masa, zan zauna a ciki in zuba man gyaɗa da ƙuli-ƙuli in riƙa kallon motoci. Har labulen da zan sa na zaɓa a raina. Kowa a ɗakin shagon yake jira in ambata. Sai na ji bakina ya ce ɗakin bakin zaure nake so, abin da ya rage a cika mini da gefen gona.

Autar nan da ke rubutu ta mintsine ni a cinya. Malamin ya sake tambayata ko na fahimci abin da na faɗa, don ɗakin ko rabin darajar shagon bai kai ba. Na ce Malam, ban yi makaranta ba amma na san bambancin shago da ɗaki. Babban ɗana ya sunkuyar da kai ya daɗe. Can ya juya ga ƙanwarsa ya ce ta gaya wa Inna ya gane, Allah ya ƙara girma.

Washegari na yafa mayafi na nufi bayan kasuwa. Rabona da gidan tun ana gininsa. Na yi sallama a ƙofar ɗakin, na hango kayansa a ƙulle a lungu, tabarma a naɗe, sai buzun salla kaɗai a shimfiɗe. Ya fito ya yi mini gaisuwar Malam, muka yi addu'a. Sannan na ɗaure fuska na ce an raba gado, ɗakin nan ni ya faɗo wa, kuma na ji ana cewa ɗan hayata yana shirin guduwa da hayar shekara a kansa. Ya ce subhanallahi, shi bai taɓa gudu da hakkin kowa ba, geron yana gona an yanke, bushewa yake jira. Na ce to madalla. Na ce hukuma tana son ta san wanda ke ɗakina da abin da yake biya, ni kuma ban iya karatu ba, ya zo ya raka ni kada a cuce ni.

Ya dube ni da idanun nan nasa masu hazo, ya ce, "Hajiya, in je a matsayin me?"

Na ce, "A matsayin ɗan haya mana. Da can mene ne kai?"

Ya shiga ya ɗauko hularsa.

A ofis muka tarar da mutumin nan da ya sha furata. Ya tashi ya ba mu kujeru, ya ce Iya sannu da fita. Ya jawo tarin takardu ya ce in faɗi cikakken sunan marigayin don ya nemo tasa. Jama'a, nan fa na tsaya cak. Tun ranar da aka kai ni gidansa ina yarinya, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko mai irin sunan na haɗu da shi, sai dai in ce masa mai sunan Malam. Mutum ya riƙe biro yana jira, ni kuma ina kallon ƙasa kamar amarya, da furfurata da komai. Sai tsohon ya matso ya faɗa, a hankali, da sunan mahaifinsa, ya ƙara da Allah ya haskaka kabarinsa. Tun ranar jana'iza ban ji an kira sunan haka ba. Na ja mayafi na rufe fuska, ma'aikacin kuma ya yi kamar yana neman wani abu a aljihun tebur har na gama.

Aka zo kan ɗaki. Aka rubuta sunana a inda na Malam yake. Ya ce, Iya, nawa yake ba ki a shekara? Na ce dami ɗaya na gero. Ya ajiye biron ya dube ni, ya dubi tsohon, ya tambaye shi ko haka ne. Tsohon ya miƙe zaune ya ce haka ne, kuma bai taɓa fashi ba ko a shekarar da fara ta ci gonaki. Ma'aikacin ya ce tunda yake aikin nan bai taɓa rubuta irin wannan ba, bari ya tambayi na gaba da shi. Ya shiga ciki, muka ji ana dariya, ba ta raini ba, ya fito ya ce an ce haya haya ce ko da me aka biya ta, sai dai a yi wa damin kuɗi.

Shi bawan Allah, don ya sauƙaƙa mini, sai ya ambaci wani ɗan ƙaramin farashi. Tsohon ya ce a'a. Ya ce wane irin dami yake nufi, na yara masu kala? Nasa sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga. Ma'aikacin ya ƙara kaɗan, tsohon ya ce bai kai ba. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya janye ƙafarsa ya ci gaba. Ina ji ina gani ɗan hayata ya yi ta ciniki yana ƙara mini haraji, har sai da aka kai inda ransa ya kwanta. Duk da haka abin da ya hau kaina bai wuce cefanen yini biyu ba. Na dangwala yatsa, na kwance bakin zane na biya, aka ba ni rasit. Kafin mu tashi tsohon ya ce a karanta masa abin da aka rubuta a kansa. Ma'aikacin ya karanta sunansa, ya ce mai haya. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce daidai ne.

A ranar ya kwance ƙullin kayansa. Ɗalibar nan ta dawo masa da randarsa da kanta. Tunkiya kam ta tafi.

Da gero ya bushe sai ga shi da dami, wannan karon a kan kurar turawa, don wuya ba ya ɗauka kuma. Ya dire a zaure ya ce ga haya. Na fito na tsaya inda Malam ke tsayawa. Na kama damin zan ɗaga, ko motsi bai yi ba, sai na dafa shi kawai na ce zangarniyar bana ƙanana ce. Ya ce ai rufin ɗakin ma yoyo yake. Daga nan muka tsaya kowa yana kallon wani bango daban.

Ni kuma sai na ce bari in yi yadda na ga ana yi. Na sa aka ajiye damin gefe. Da aka kwaso amfanin gona aka fitar da zakka, na haɗa nasa da wasu biyu na aika masa. Na kwanta ina jin daɗi, ina cewa Malam, ka ga ban bar maka aikinka ya faɗi ba.

Da safe ina shara aka yi sallama. Na leƙa, sai ga kura, ga dami ɗaya a kai, ga tsoho a tsaye. Ya ce biyun ya karɓa, Allah ya karɓi zakka, amma wannan ya yi ɓatan hanya. Na fara rantse-rantsen da ba su kai rantsuwa ba, ina cewa dami ai duk kamarsu ɗaya. Ya sa hannu ya shafa igiyar da ke ɗaure da shi.

Ya ce, "Hajiya, ni na tufka wannan. Ƙullin nan babu mai yin sa a garin nan sai ni. Shekara da shekaru ina kwance ɗaurin hannuna."

Na ce ashe ya sani. Ya ce tun shekarar farko. Na ce to me ya hana shi magana? Ya ce Malam mutum ne mai kunya, da ya gane an gano shi da ba zai ƙara iya haɗa ido da shi ba, shi ya sa ya bar shi da dabararsa. Ya ce abin da mutum biyu suka sani suka yi shiru a kai, ana iya zama da shi har mutuwa. Wanda ba ya iyawa shi ne a tsayar da shi gaban mai unguwa ya faɗa da baki.

Sannan ya ce, "Amma yanzu hukuma ta rubuta ni mai haya, kin kuma biya a kaina. Ki ci geron nan, Hajiya. Kada ki mai da ni maƙaryaci."

Na ci kuwa. Na sa aka sussuke shi, na surfa, na yi tuwo da miyar kuka wadda ta ji daddawa. Da na zo kwashewa sai na tuna rumbun tsohon ya ragu da dami guda, ga shekara da tsawo. Na zuba malmala biyu a kwano na aika masa, ina jiran a dawo mini da shi. Kwano ya dawo a wanke. Na tambayi 'yar aiken me ya ce, ta ce ya ce tuwon maƙwabta ba a mai da shi, sai dai gishiri ya ɗan yi kaɗan. Daga ranar kwanon nan bai daina zuwa ba. Wata rana na zauna na yi lissafi, na ga da ɗanyen gero ake mayar masa, yanzu kuwa ni ke surfe, ni ke tuƙi, ni ke sayen kuka, ga haraji ina biya, shago kuma yana hannun wasu. Na ce lallai a cinikin nan an san wadda aka ci.

Ya yi shekaru a ɗakin bayan wannan. Da gona ta gagare shi, sai ya koma sayen damin da kuɗin igiya, ya kwance ɗaurin masu shi ya sake ɗaurewa da nasa. A ɗakin ya cika, wata safiyar Juma'a, ɗaliban gidan suna kansa, babban ɗana kuma shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Yanzu in na zauna ina tunani, ba na ganin laifin masu haraji, aikinsu ne su tambaya a ba su amsa, e ko a'a. Ba na ganin laifin ɗana, ido ya ba shi abin da ya faɗa. Abin da na koya shi ne, taimako yana da nauyi a wuyan wanda aka yi wa, wani lokacin ya fi na rashin. In za ka ba mutum, ka bar masa wata ƙofa da shi ma zai shigo maka da nasa, komai ƙanƙantarsa, ka kuma karɓa da hannu biyu. Ni da nake taƙama ni kaɗai ke riƙe da sirrin gidanmu, ashe mu uku ne, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa.

Allah ya jiƙansu su biyun, ya sa suna inuwa ɗaya. In kuwa sun haɗu, na tabbata har yanzu babu wanda zai fara tayar da maganar.